Siminti a Kan Jar Ƙasa

Kowace safiya sai na kakkaɓe ƙasa daga kan gado. Ba ta da yawa, ba ta cika tafin hannu, ja ce mai laushi kamar garin dawa. Nakan tattara ta da gefen hannu, in zuba a murfin kwano, in ajiye bakin ƙofa wani ya watsar. Na san daga inda take zubowa. Ban dai ɗaga kai na duba ba, don a lokacin babu abin da nake son sani.

Takaba nake yi. Mijina Labbo, tunda ba ya nan yanzu ina iya kama sunansa, ya rasu a farkon daminar 1998 a kan hanyar Gusau zuwa Bungudu. Yana dawowa daga aiki motar hatsi ta bi ta kan babur ɗinsa. An ce ko shurawa bai yi ba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya maimaita mini haka, sai ka ce tsaraba ya kawo. Su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Su tashi, wasu su zauna inda suka tashi, tabarmar ko hucewa ba ta yi. Ban yi kuka ba. Matan unguwa suka yi ta yabon tawakkalina, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Labbo duba-gari ne. Gida-gida yake shiga a Gusau da kakinsa da tocila, ya leƙa randa, ya leƙa rijiya, ya duba masai da kwata, ya ƙwanƙwasa bango. Mata in sun hango shi sai a hau ɓoye tukwane da zubar da ruwan wanki. Da aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, har inda ake ɗaure awaki sai da aka share aka zuba 'yan haya. Shi ya sa muka yi zamanmu a gidansu na Bungudu tare da mahaifiyarsa, Iya, yana zuwa yana dawowa.

Ɗakinmu soro ne na jar ƙasa, tsohon gini, a cikinsa ma aka haifi Labbo. To, a shekarar da aka ba mu jiha wata cuta ta shigo unguwarmu, cutar siminti. Duk mai ɗa a gwamnati sai ya shafe ginin ƙasarsa da siminti, ya bi da fenti, mai wucewa ya ɗauka bulo ne. Iya ta ga an yi a gidan dama, an yi a gidan hagu, ta tsare Labbo ta ce ita fa? Ya ce mata siminti da laka ba sa shiri, ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, ba riga ba. Ta ce to, ashe ita ba ma'aikaci ta haifa ba, mai leƙen masai ta haifa. Ta daina cin cefanensa. Labbo mutum ne da zai tsaya gaban alhaji ya ce a rushe shadda a sake wata, ko gezau, amma gaban Iya ba shi da kataɓus. Ya kira magina suka shafe soron ciki da waje har saman rufi, aka bi shi da shuɗin fenti. Ya yi kyau, ban musa ba. Da yamma Iya takan jawo kujerarta ta zauna jikin bangon, don mai shigowa ya haɗa ta da shi ya gani.

Shafen ya ci damina ɗaya lafiya. Da ta biyu ta ƙarato sai Labbo ya fara tsayawa tsakar gida yana kallon ɗakin. Ya ce mini da zarar an gama shuka zai sa a ɓamɓare simintin, Iya in za ta yi fushi ta yi. An gama shuka ba ya nan.

Mu uku muke kwana a ciki. Ni, da 'yata da muke kira Ladi, wadda ba ta daɗe da yaye ba, da Iya. Ba a barin mai takaba ta kwana ita kaɗai, saboda haka Iya ta rufe ɗakinta na ciyawa ta dawo da tabarmarta gindin gadona. Innata ta zo daga Tsafe ta ɗan zauna ta koma, gona ba ta jira. Ni da Iya ba ma hira. Ita ta rasa ɗa, ni na rasa miji, kowa na ganin nasa ya fi zafi, sai muka bar shi a haka.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, Lidiya ta zo. Abokiyar aikin Labbo ce, ita ma duba-gari, mutuniyar Zuru. Ranar rasuwar tana gida wajen haihuwa, shi ya sa ba ta zo tare da sauran ba. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta yane kanta da babban gyale don girmama gidan, ta riƙo ledar sabulu da sukari. Ta yi sallama, ta tura ƙofa, ƙofar ta cije a ƙasa, sai da ta sa kafaɗa. Ta durƙusa ta gai da Iya, ta zo ta kama hannuna biyu ta fashe da kuka. Na zauna ina jira ta gama. Gaskiya haushi ma ta ba ni, ta zo har ɗakina tana yin abin da ni na kasa.

Da ta share fuska ta zauna, sai na ga idonta ya fara yawo. Ya je ƙofa, ya hau sama, ya sauko gindin bango, ya tsaya a kan murfin kwanon da ban kai ga fitarwa ba. Na san kallon nan. Na zauna da mai irinsa, mutumin da ko biki aka gayyace shi sai ya dawo yana ba ni labarin kwatar gidan.

“Maman Ladi,” ta ce, “ƙofar nan tun yaushe take cijewa?”

“Tun da ruwa ya sauka.”

“Da can tana rufuwa lafiya?”

“Tana yi.”

Ta jawo murfin kwanon, ta murza ƙasar tsakanin yatsunta, ta shinshina. Sannan ta juya wajen Iya.

“Mama, ki yi mini izini in ɗan duba ɗakin nan. Hali ne, idona ba ya barina.”

Iya ta dube ta sama da ƙasa. “Gaisuwa kinka zo, ɗiyata, ko aiki?”

“Gaisuwa na zo, Mama. Amma na ga abu.”

Iya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ci gaba da jan carbinta. Lidiya ta ɗauki shirun a matsayin izini. Ta ajiye gyalen, ta dunƙule hannu ta fara ƙwanƙwasa bango daga bakin ƙofa. Da fari ƙarar a toshe take, kamar yadda bango ya kamata ya yi. Tana matsawa wajen gado sai ya fara amsa mata kamar ƙwaryar da babu komai a ciki. Ta ƙwanƙwasa sama, haka. Ta ƙwanƙwasa ƙasa, haka. Ta ce in ɗan matsa, ta hau gadon da gwiwa ta bi bangon bayansa tun daga wannan kusurwa har waccan, duk murya ɗaya. Ladi ta ga abin wasa ne, ta sauka daga cinyata ta je tana buga bangon da tafinta tana dariya.

Lidiya ta tsuguna gindin bango inda fenti ya kumbura, wani farin abu kamar kanwa ya bi shi a jere. Ta danna da babban yatsa, yatsan ya fito a jiƙe. Ta miƙe ta ɗaga kalandar da Iya ta rataye saman ƙofa. Ni kaina ban san ranar da aka mai da kalandar nan wurin ba, da can a kan akwati take. A bayanta tsaga ce, ƙasanta kamar zare, samanta kuwa yatsa biyu za su shiga. Lidiya ta mai da kalandar yadda take.

Rufinmu an ɗaure masa farin yadi a ƙarƙashin azara don kada ƙura ta riƙa zuba. Yadin ya yi ciki daidai saitin gado, ya yi jirwaye launin shayi. Ta taka akwati, ta kwance gefe ɗaya ta leƙa. Ta zare tsinken da ke cikin kitsonta ta soka wa azara. Azarar giginya da ake cewa ko gatari sai ya yi da gaske, tsinken nan ya shige ta kamar dafaffen rogo. Da ta zaro shi gara suka biyo shi, farare, suna zuba a kan akwati.

Daga nan ta fita. Muna jin takunta ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe. Ta dawo takalmanta sun yi kaca-kaca da taɓo, ta cire su a waje, ta zauna a ƙasa gaban Iya, ba a tabarma ba.

“Mama, zan faɗa miki kamar uwata. Indararon ɗakin nan ya toshe, ciyawa ta fito a bakinsa. Simintin sama ya tsattsage, ruwa yana shiga, kuma ba shi da hanyar fita. Ginin ƙasa in ya sha ruwa rana ce ke shanya shi, a yaɓe shi ya koma sabo. Wannan an rufe shi ruf. Lakar da ke ciki ta jiƙe ta rabu da simintin, shi ya sa kika ji yana amsawa. Ga kwatar maƙwabta tana bin gindinsa ta baya. Ga gara ta cinye azara. Abin da kike gani shuɗin nan ɓawo ne kawai. Kada ku ƙara kwana a ciki.”

“Mai ɗaki shi yas san inda shika mai yoyo,” in ji Iya. “Ɗakin ga ko ɗigo ba shi yi.”

“Da yana yoyo da ya fi, Mama. Da ruwan yana fita.”

“Ɗana yag gyara shi. Duba-gari na, awa ke. Ko kin hi shi sani?”

Da ni ce da na yi shiru daga nan, amma Lidiya ba ta san Iya ba.

“Ban fi shi ba, shi ya koya mini. Bara ni da shi aka tura mu Tsafe. Muka shiga wani gida mai irin wannan shafen, shi da kansa ya ƙwanƙwasa, ya ce wa maigidan ya kwashe iyalinsa a ranar. Mutumin har da zagi, amma ya kwashe. Ba a yi nisa ba ɗakin ya zauna da rana tsaka, ba iska ba komai. A hanyarmu ta dawowa Malam Labbo ya ce mini shi ma yana da irinsa a gida, yana nan yana lallaɓa...”

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskar Iya. Carbin ya tsaya. Kowa a ɗakin ya san wadda ake lallaɓawa.

“Kin gama?” Iya ta ce. “To ki ji. Mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta sai ta hita. Haka munka taras, haka muka yi. Ku can ban san yadda kuka yi ba. In kwana ya ƙare, ko bisa hanya mutum shike sai a same shi, ke shaida ta. Mun gode da sabulu.”

Na san ba haka abin yake ba. A Islamiyyarmu ta Tsafe malaminmu ya karantar da mu cewa gida aka ce, ba ɗaki ba, kuma in ana tsoron halaka ko gidan ma ana bari. Na sani sarai. Buɗe baki in faɗa ne ya yi mini nisa, kamar a ce in tashi in tafi Gusau a ƙafa.

Lidiya ta juyo gare ni. “Ke ba ki ce komai ba.”

“Na ji.”

“Kin ji me?”

“Na ji ɗakin zai faɗi.”

“To?”

“To,” na ce.

Ta daɗe tana kallona yadda ta kalli azarar nan. Ta ɗauki Ladi ta rungume, ta ce ko yarinyar ce a riƙa kai ta maƙwabta ta kwana. Iya ta ce marainiya ba ta kwanan gidan wani uwarta na raye. Lidiya ta sauke ta, ta yafa gyalenta. A bakin ƙofa ta ce za ta samu ƙanen Labbo a kasuwar Gusau ta gaya masa. Na san abin da zai ce, sai abin da Iya ta ce. Haka kuwa aka yi.

Bayan tafiyarta ban yi komai ba. Ba wai ina son mutuwa ba ne. Ban dai ga bambancin da abin zai kawo ba. A zaune nake a ɗaki, ba kwalli, ba fita, ba ɗaga murya, to in rufi ya sauko ya same ni a zaunen, me ya canza? Abin da kawai Lidiya ta bar mini shi ne kunne. Da can ƙasa kaɗai nake gani, yanzu ina jin ɗakin. In an yi ruwa ya ɗauke, sai in ji wani abu yana zamewa a cikin bango a hankali, ya tsaya, ya sake. Wani lokaci in Iya ta fita alwala sai in miƙa hannu in ƙwanƙwasa bayan gado, ya amsa, in mai da hannuna. Ƙofar ta daina rufuwa gaba ɗaya, muka riƙa sakin labule. Murfin kwano ya daina isa, na koma zubawa a kwanon kansa. Iya tana gani. Ita ce ma ke fitar da shi da sassafe, a ƙarƙashin mayafinta, kada maƙwabta su tambaya.

An shiga Agusta ruwa ya zauna, yau a yi, gobe a yi, kayan da aka shanya har su yi tsami ba su bushe ba. Wata rana bayan azahar Ladi tana barci a kan gado, ina zaune a ƙasa na jingina da akwati, Iya tana waje tana tsince wake. Ba hadari a lokacin, har rana ta ɗan leƙo. Sai na ji yadin sama ya yage. Wani curin ƙasa kamar dunƙulen fura biyu a haɗe ya faɗo a kan filo, ya fashe. Tsakaninsa da kan yarinyar bai kai tafin hannu ba.

Ba ta farka ba. Ta dai motsa baki ta ci gaba da barcinta. Na tashi na tsaya a kanta. Jar ƙasa ta rufe mata kunci, ta shiga gashinta, ta cika mata kunne. Na tsaya ina jiran in ji tsoro, ko in ji gabana ya faɗi, irin abin da uwa ke ji. Shiru. Sai na naɗe bakin zanena a yatsa na fara share mata kunnen. Ina sharewa ina ganin wata na zubowa daga sama, siririya, ba ta yankewa, tana sauka daidai inda na share. Na share, ta zubo. Na share, ta zubo. A nan ne na ga cewa aikin ba zai ƙare ba, sai na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa na ɗaga labule na fita.

Hasken waje ya soke mini ido. Tun rasuwar iyakata daga bakin ƙofa zuwa banɗaki, kaina a ƙasa. Na ratsa tsakar gida, na tura ƙofar ɗakin Iya na ciyawa, na shimfiɗa zanen goyo na kwantar da Ladi. Da na juyo Iya tana tsaye da faifan wake a hannu.

“Ina za ki da ita?”

“Nan za mu zamna, Iya.”

“Wasila,” ta kama sunana, “takaba kika yi.”

“Ban bar gidan ba. Gida anka ce.”

“Wa yac ce? Waccan mai tsinken?”

“Je ki dubi hilo, Iya.”

Ba ta je ba. Ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, ta gyara ɗaurin zanenta.

“Wato ki nuna ma duniya ɗana bai iya aiki nai ba. Shina duba na mutane, nashi na ruɓewa. Ko kasuwa ba a watse ba da mutuwa tai, ki sa a yi mai dariya.”

“Ba wanda za shi yi mai dariya.”

“To ni za a yi ma?” ta ce, muryarta ta tashi. Sai ta ji abin da ta faɗa. Sannan ta juya. “Tunda kin ɗauki nawa, ni na ɗauki naki. In shi za ya hwaɗi, shi hwaɗo bisa wadda tas sa anka yi shi.”

Ta ɗaga labulen soron ta shige.

Na zauna a bakin ɗakin ciyawa. Kaji suka taru a kan faifan waken, ban kore su ba. Gidan ba kowa, maza suna gona, matan maƙwabta sun tafi suna. Can wajen la'asar gabas ta fara haɗewa, iska ta taso mai sanyi tana kaɗa labulen soron, ina hango ƙafafun Iya a miƙe a kan tabarma, a daidai gindin gado. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na tashi na je bakin ƙofa na ce ta fito ta yi alwala, ta ce tana da ita. Na ce Ladi na nemanta, ta ce Ladi na da uwa. Na ce don Allah, don Annabi. Ta ce in tashi mata daga haske.

Tsohuwar nan ba ta taɓa sona can-can ba, ni ma ban ce ina mutuwar sonta ba. Amma ita kaɗai ce a duniya ta san yadda Labbo yake tari in ya tashi da safe. Na tsaya ina wannan tunanin, aka yi tsawa a nesa, na ji bangon ya yi wannan motsin nasa na ciki. Magana ta ƙare mini. Na waiga, ga turmi a kife, ga taɓarya a jingine.

Mai takaba ko muryarta ba a so a ji a waje. Na ɗauki taɓaryar da hannu biyu na maka wa bangon, daga waje, gefen ƙofa, daidai wurin da Iya ke jingina kujerarta. Bugun farko ya tsage. Na biyu ya lotsa. A na uku wani falle mai faɗin tabarmar salla ya saki gaba ɗaya, ya zamo ya tarwatse a gabana, sai da na yi baya. Wani wari ya fito, na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Iya ta fito da gudun da ban san tana da shi ba, baki buɗe, ta ɗauko zagi. Ba ta sauke shi ba.

Bangon asali ne a gabanmu, baƙi-baƙi don jiƙa, gara na gudu a kansa suna neman duhu. Amma fuskarsa ba ta lalace ba. Yaɓen ƙarshe da aka yi masa kafin a rufe shi yana nan yadda aka bar shi, da sawun yatsu a jere, an shafo daga dama zuwa hagu, baka bisa baka. A kowane shafi layuka uku suna tafiya tare, na huɗun ya karkace ya fita waje. Ƙaramin yatsan Labbo na dama a tanƙware yake, jaki ne ya taka shi yana yaro.

Iya ta matsa kusa. Ta kai fuskarta har kamar za ta shinshina.

“Hannu nai na,” ta ce.

Ta ɗaga nata hannun ta jera yatsunta a cikin sawun. Ba ta danna ba, na rantse ba ta danna ba, amma lakar ta karɓe su har gaɓa ta biyu. Da ta janye, wurin ya zama rami, ruwa ya taru a cikinsa ya gangaro. Ta dubi yatsunta. Ta dubi bangon tun daga nan har sama inda nauyin rufi yake zaune a kansa.

Sai ruwan ya sauko, manyan ɗigo, iska na koro shi ta gabas yana dukan wurin da na buɗe. Ina kallo layin sama ya fara narkewa. Iya ta fizge mayafinta ta ware shi da hannu biyu ta kare bangon, ta tsaya a haka, kanta ba ɗankwali, furfurarta ta manne. Mayafin ya jiƙe nan da nan, ruwan yana bi ta bayansa yana sauka ja a kan ƙafafunta. Ta ƙara ɗaga hannu, tsayinta bai kai ba.

Ni na buɗe shi. Da na bar shi a rufe da sawun yana nan, ba mai gani, ba kuma mai taɓawa. A nan abin ya same ni, a ƙirji, kamar an sauke mini buhu, na ji ina son mijina, ina son ya shigo da kakinsa a jiƙe ya yi mana faɗa a kan indararo. Wata ƙara ta fito daga bakina da ban san tawa ba ce. Na kama Iya ta ƙugu ina ja ina kuka, tana turjewa, har hannuwanta suka gaji suka sauko da kansu. Muka ratsa tsakar gida a haka, kamar masu kokawa, muka faɗa ɗakin ciyawa.

Ladi ta farka tana kallonmu. Muka zauna a bakin ƙofa muna ɗiga, kafaɗa da kafaɗa, don wurin ba shi da faɗi. Ta cikin ruwan ana hango shuɗin bango da baƙin wurin da na fasa, yana ta zuba. Ba a daɗe ba ya zama sumul, babu sauran layi ko ɗaya.

Iya ta matse mayafin a cinyarta, ba ta dube ni ba.

“Kin ɗauko mani tabarmata?”

“A'a, Iya. Tana ciki.”

Ta daɗe tana kallon labulen soron yana kaɗawa.

“Bat ta,” ta ce.